Ƙasashe takwas a kwana 18? Rage buri, ka ba Berlin mako guda

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, ina aiki a Kaduna. Na daɗe ina tara kuɗi domin in zaga Turai a jirgin ƙasa, daga ni sai jakar goyo. Na samu hutun kwana 18 a watan Satumba, kuma bayan kuɗin jirgin sama ina da kusan Yuro 2,000. Burina in taka Jamus, Faransa, Holan, Beljiyam, Italiya, Sifaniya, Suwizalan da Ingila, in ƙare a Berlin, garin da na fi ɗokin gani. Yayana ya ce kuɗin ba za su kai ni ko'ina ba. Hajiyarmu kuwa tsoronta kada in ci haram, in yi wasa da salla, ko in maƙale can. Ban taɓa fita Afirka ba. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuɗinka za su isa tafiya mai kyau, amma ba wannan da ka zana ba. Ƙasashe takwas a kwana 18 na nufin kusan kullum kana cikin tarago ko kana yawon neman masauki, ka isa Berlin a gajiye aljihu ya yi sanyi, ka yi kwana biyu ka juyo. Tun da Berlin ce zuciyar tafiyar, ka gina komai a kanta: ƙasashe uku, garuruwa biyar ko shida, Berlin ta samu dare shida.

Ba don jikinka kaɗai muka faɗi haka ba, biza ma haka take so. Bizar Schengen, wato biza ɗaya da ke ba da izinin shiga rukunin ƙasashen Turai da suka haɗa iyakokinsu, ta gajeren zama ana nemanta ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, idan kwanakin sun zo daidai kuwa sai ƙasar da za ka fara shiga. Jadawalin da ya nuna dare 11 cikin 16 a Jamus ya raba gardama, kowa ya san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Wanda ya watsu a ƙasashe takwas, a hannun saurayin da fasfonsa bai taɓa shan hatimi ba, tambayoyi yake jawowa. Ingila ka cire ta tun yanzu: ba ta cikin Schengen, bizarta daban, kuɗinta daban, kuma ba za a bar ka ka hau jirgin Eurostar mai zuwa Landan ba tare da ita ba.

Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, kuma ba a mayarwa idan an hana ka. Ana karɓar takardu daga wata shida kafin tafiya, hukunci yakan fito cikin kwana 15 amma yana iya kai 45, kuma samun ranar ganawa shi ne abin da ya fi cin lokaci, saboda haka da shi za ka fara. Fasfonka ya zama yana da sauran wata uku bayan ranar da za ka baro Turai, da shafi biyu da ba a taɓa ba. Sai inshorar lafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000, mai aiki a duk ƙasashen Schengen, da takardar wurin aikinka mai nuna an ba ka hutu da ranar dawowarka bakin aiki, da bayanan asusunka na watannin baya. Abu biyu ke yawan kayar da mutane. Na farko kuɗin aro da aka zuba a asusu dare ɗaya ana gobe za a buga takarda, domin jami'in yana duba yadda kuɗi ke shiga da fita ne, ba jimillar ƙarshe kawai ba. Na biyu takardun masauki na bogi da dillalan biza ke haɗawa. Ana iya bincikawa, kuma idan aka kama, sunanka ne ya ɓaci ba na dillali ba. Ka kama masaukin gaske da kanka, irin wanda ake sokewa kyauta, ka bar sayen tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Ga hanyar da muke ba ka. Ka sauka Frankfurt, inda akwai tashar jirgin ƙasa a cikin filin jirgin saman, ka hau ICE, jirgin ƙasa mai sauri na Jamus, zuwa Köln, tafiyar kusan awa ɗaya, ka yi dare biyu. Babbar majami'ar garin mai tsawon mita 157 tana bakin ƙofar tasha, kuma Bonn, inda sashen Hausa na DW yake, ba ta kai rabin awa daga nan ba. Daga Köln sai Amsterdam, kusan awa uku, dare biyu. Amsterdam zuwa Berlin awa shida, dare shida. Berlin zuwa Prague, babban birnin ƙasar Czech, awa huɗu da 'yan kai, dare uku, kuma ka nemi kujerar taga domin bayan Dresden jirgin yana bin gaɓar kogin Elbe ta cikin duwatsu. Daga nan Munich dare biyu, sai dare ɗaya a Frankfurt. A allon tasha sunan da 'yan gari ke kira za ka gani, Praha da München, kada ka tsaya neman wani. Sai dai ka duba kwanan wata: bikin giya na Oktoberfest yana farawa a Munich daga wajen tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, gadaje su yi tsada su kuma ƙare. Idan kwanakinka sun faɗa ciki, ka musanya Munich da Dresden.

Batun tikiti. Katin zagaye iri biyu ne masu kama da juna: Interrail na mazauna Turai, Eurail na waɗanda ke zaune a wajenta. Kai Eurail ne naka. Wanda ya haɗa ƙasashe 33 ana sayar da shi da ranakun tafiya 4, 5 ko 7 cikin wata ɗaya, kuma duk wanda bai wuce shekara 27 ba yana da ragi. Hanyar da muka zana tana cin rana shida, don haka na rana bakwai ya dace, kuɗinsa ga matashi bai cika wuce Yuro 300 ba. Ranar tafiya tana farawa ƙarfe 12 na dare zuwa 12 na daren gaba, ka hau jirgi ko nawa ne a cikinta. Katin yana zaune ne a manhajar Rail Planner, kuma nan ake yin kuskure: kafin ka hau kowane jirgi sai ka saka shi a cikin katin, ka kunna, lambar da kwandasta zai haska ta fito. Wanda ya zauna bai kunna ba, a wurin kwandasta ba shi da tikiti. Manhajar tana bukatar shiga intanet akai-akai, kuma wayar da batirinta ya mutu ba uzuri ba ce.

Katin ba kujera ba ne. A Faransa, Italiya da Sifaniya jiragen sauri suna tilasta kama kujera da ƙarin kuɗi, a wasu hanyoyin kuma kujerun masu kati ƙidayayyu ne, su ƙare tun makonni kafin tafiya. Wannan ƙarin shi zai cinye Yuro 2,000 ɗinka da ka bi tsarinka na farko. A cikin Jamus yawancin ICE ba dole ba ne, sai ka shiga ka nemi kujerar da ƙaramin allon da ke kanta bai nuna an kama ba. Duk da haka, a doguwar tafiya ranar Juma'a ko Lahadi ka biya Yuro biyar ko shida ka kama, gara haka da tsayuwar awa huɗu a bakin ƙofa. Kafin ka sayi katin, ka buɗe manhajar DB Navigator ta kamfanin jiragen ƙasa na Jamus ka haɗa farashin tafiya shidan da tikitin rangwame mai suna Sparpreis. Idan an saya da wuri wani lokaci ya fi katin araha. Illarsa ita ce an ɗaure shi da jirgi guda, ka makara ya tafi da kuɗinka, shi ya sa bai dace da ranar saukarka daga jirgin sama ba.

Ka cire a ranka cewa jirgin Jamus ba ya makara. Yana makara, masu dogon zango ma sosai. Kada ka yarda da canjin jirgi na minti shida ko da manhaja ta ce zai yiwu, ka bar minti 20 zuwa 30. Idan kana da Sparpreis kuma ana hasashen za ka isa da jinkirin minti 20 ko fiye saboda laifin jirgi, ɗaurin ya kwance, kana iya hawa wani jirgin mai zuwa wuri ɗaya. Jinkirin awa ɗaya yana da diyyar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikitin, awa biyu kashi 50. Kalmomi uku za ka haddace: Gleis shi ne layin da jirgi zai tsaya, kuma yana iya canzawa ana saura minti uku, Verspätung jinkiri, fällt aus an soke. Wasu jiragen biyu ne aka haɗa, su rabu a hanya kowanne ya nufi garinsa, kamar masu tasowa daga Berlin da ke rabuwa a Hamm, rabi Köln rabi Düsseldorf. Ka karanta sunan garin da ke jikin taragon da za ka shiga, ba na allon tasha kawai ba. Fasfonka kuma ya kasance a jikinka duk ranar ƙetare iyaka, domin tun Satumban 2024 Jamus take binciken takardu a iyakokinta na ƙasa, har cikin jirgi.

Jaka mai cin lita 40, nauyinta kada ya wuce kilo 10. Riguna huɗu ko biyar, wando biyu, rigar sanyi ɗaya da ta ruwa marar nauyi, domin daren Satumba a Berlin yakan sauka wajen digiri 10. Takalmin da ƙafarka ta saba da shi, silifas na wanka, ƙaramin tawul, kwaɗo na kulle akwatin masauki, dadduma ta aljihu, da gorar roba da za ta zame maka buta, tun da banɗakunansu takarda kawai ake ajiyewa. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da mahaɗi, ka saya tun a gida. Kilishi, dambun nama da duk wani abu na nama ko madara an hana shiga da su Tarayyar Turai, za a ƙwace, ana iya cin ka tara. Dabino ya halatta.

Yanzu Berlin. Babbar tashar, wadda aka buɗe a 2006, hawa-hawa ce: jiragen gabas da yamma suna can sama, na kudu da arewa suna ƙarƙashin ƙasa, sauka daga wannan zuwa wancan da jaka yana cin mintuna. An raba garin shiyya uku, A, B da C. Kusan duk abin da za ka gani yana cikin AB. Filin jirgin sama da Potsdam ne ke C. Tikiti ɗaya yana aiki a jirgin ƙarƙashin ƙasa U-Bahn, da jirgin cikin gari S-Bahn, da taram, da bas, na awa 24 kuma ya ɗan haura Yuro 10. Katinka na Eurail ba ya aiki a U-Bahn, bas ko taram. Babu shinge a tashoshin, babu mai tare ka, kuma wannan ne tarkon. Tikitin takarda sai ka cusa shi a ɗan akwati ja ko rawaya da ke kan dandamali ya buga masa lokaci. Masu bincike suna shiga da kayan gida, tarar Yuro 60 ce, kuma "ni baƙo ne" ba ta aiki. Za ka ji ana yabon Deutschlandticket, mai ba da damar hawa duk ƙananan jirage da motocin gari a faɗin Jamus na wata guda. Yana da kyau, amma rajista ce mai sabunta kanta kowane wata, a ƙa'ida sai an soke kafin 10 ga wata, kuma ba ya aiki a ICE. Ga baƙon mako guda, tikitin awa 24 ya fi kwanciyar hankali.

Berlin ba ta da tsakiya guda, sakamakon shekaru 28 da katanga ta raba ta gida biyu, daga 13 ga Agustan 1961 zuwa 9 ga Nuwamban 1989. Saboda haka ranar farko ka hau bas mai lamba 100 daga Zoologischer Garten zuwa Alexanderplatz, ka ga fasalin garin da tikitin da ke hannunka, ba sai ka biya motar 'yan yawon buɗe ido ba. Bayan nan ka ɗauki unguwa ɗaya kowace rana.

Katangar tana da wurare biyu da suka cancanci lokacinka. A Bernauer Straße, kusa da tashar Nordbahnhof, an bar wani yanki yadda yake, da katanga biyu da filin da ke tsakaninsu da hasumiyar masu gadi, shiga kyauta ne, kuma nan ne mutum ke gane yadda aka yanka titi ɗaya gida biyu. East Side Gallery kuwa kilomita 1.3 ce ta katangar da masu zane suka ƙawata, daga Ostbahnhof zuwa gadar Oberbaum. Checkpoint Charlie, tsohon shingen binciken masu ƙetare katangar, a ganinmu, minti goma ya ishe shi, ya zama kasuwar tsaraba. Hawa ƙubbar gilashi ta majalisar dokoki, Reichstag, kyauta ne amma sai ka yi rajista a intanet tun da wuri da sunanka da ranar haihuwa, ka zo da fasfo. Ƙofar Brandenburg tana gefe, kusa da ita kuma akwai filin tunawa da Yahudawan da aka kashe, mai duwatsu 2,711. Wurin makoki ne, ba a hawa kan duwatsun ana hoto. Gaisuwar 'yan Nazi da alamominsu laifi ne a dokar Jamus, ko da wasa aka yi.

Akwai Berlin ta biyu da ta shafe ka kai tsaye, kuma ita ce dalilin da ya sa dare biyu ba zai isa ba. A titin Wilhelmstraße, tafiyar mintuna daga Ƙofar Brandenburg, Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya tara ƙasashen Turai daga 15 ga Nuwamban 1884 zuwa 26 ga Fabrairun 1885 suka shimfiɗa ƙa'idojin rabon Afirka, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Ginin ya rushe, allon bayani ne kawai a bakin titi, idan ba ka nema ba za ka wuce shi. A gidan tarihi na Humboldt Forum akwai kayan tagulla na masarautar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Jamus ta mayar wa Najeriya mallakarsu a 2022, waɗanda ake nunawa yanzu aro ne. A unguwar Wedding za ka taka titunan Kamaru da Togo, sunayen da suka rage daga zamanin mulkin mallakar Jamus. Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon binciken ƙasashe, wanda ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya kuma bi ta Katsina da Sakkwato, a Berlin ya rasu a 1865, kabarinsa yana maƙabartar da ke Mehringdamm a Kreuzberg. Gidan tarihi na Pergamon, mai sashen fasahar Musulunci, an rufe shi domin gyara tun Oktoban 2023, ka duba shafinsu kafin ka sa rai.

Tsoron Hajiya game da abinci da salla yana da amsa, kuma Berlin ce ta fi sauƙi a duk hanyar. Titin Sonnenallee a Neukölln cike yake da gidajen abincin Larabawa da mahautan halal, kewayen Kottbusser Tor na Turkawa ne, akwai kuma kasuwar bakin ruwa ta Maybachufer ranakun Talata da Juma'a. Masallacin Şehitlik yana Columbiadamm, jikin tsohon filin jirgin Tempelhof da aka rufe a 2008 ya zama filin shaƙatawa; ka yi Juma'a can, ka fito ka taka titin da jirage suke tashi a da. A kanti ka karanta bayan kwali: Schwein, Schinken da Speck duk alade ne, Gelatine a alewa yawanci daga gare shi take, tsiren Currywurst da ake tallata wa baƙi shi ma galibi alade ne. Ranakun doguwar tafiya kana da rangwamen matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli, ka zauna da malaminka ya warware maka hukuncin kafin ka tashi. Ka ba Hajiya jadawalin a takarda, da sunan kowane masauki da lambarsa, ku yanke lokacin waya kullum. A Satumba agogon Jamus yana gaban na Najeriya da awa ɗaya ne kacal.

Lissafin kuɗi kusan haka zai kasance: kati da kujeru Yuro 320, biza da inshora 150, gado a ɗakin haɗaka na hostel dare 16 wajen 600 (Amsterdam za ta fi ko'ina tsada), abinci 400 idan kana sayayya a kanti kana dafawa a kicin ɗin masauki, zirga-zirgar cikin gari da shiga wurare 230. Ragowar 300 ka raba ta wuri biyu, kada ka taɓa sai ta ɓaci. Katin naira ba abin dogaro ba ne a waje, ka tafi da katin asusun dala da kuma tsabar Yuro, domin ƙananan shagunan Berlin da yawa tsaba suke so. A Prague kuɗinsu koruna ne, kuma idan na'urar cirar kuɗi ta tambaye ka, ka zaɓi a caje ka da kuɗin ƙasar, canjin na'urar ya fi tsada. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke a Jamus sai na cikin manyan tashoshi, ka yi cefane ranar Asabar. Ruwan famfo ana sha. Gorar roba da gwangwani suna da ajiyar santi 25 da ake mayar maka a na'urar kanti. Hanyar kekuna da ke gefen titi ba ta masu ƙafa ba ce. Lambar gaggawa 112, ta 'yan sanda 110. Aljihun baya da wayar da aka ɗora kan tebur su ne abincin masu sane a Alexanderplatz da manyan tashoshi.

Game da maƙalewa: ranar da biza ta fito, ka karanta kwanakin da aka rubuta a kanta, da ranar farawa, da ranar ƙarewa, da adadin kwanakin zama, domin sau da yawa daidai jadawalinka ake bayarwa ba kwana 90 ba. Wuce su ko da kwana ɗaya yana shiga rajista, ya kuma bi ka zuwa neman biza ta gaba. Shi ya sa muka ajiye daren ƙarshe a Frankfurt. Kada ka shirya tasowa daga Munich da safen ranar da jirgin samanka zai tashi. Ka kwana a garin, ka isa filin jirgi awa uku kafin lokaci.